FASHIN BAƘI: Wayar ɗan'uwa ko kyamarar ƙwararre, wa ya kamata a damƙa wa ɗaukar bidiyon biki?

A duk gidan da aka sa ranar biki, akwai lissafin da ake zama a yi: lefe, kayan ɗaki, abinci, anko, kuɗin zauren taro, mai kwalliya, mai kiɗa. Can ƙasan takarda ake rubuta mai ɗaukar bidiyo, kuma da zarar kuɗi sun fara ƙarewa, sunansa ake fara sokewa. Hujjar da ake kafawa guda ce: ai kowa na da waya, ƙanen ango ko ƙawar amarya ma za su iya.

Hujjar tana da nauyi a halin da ake ciki. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin darajar Naira a watan Yunin shekarar, Dalar da ake saya ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar Naira 70,000 ne. Kyamara da fitila da batir da kwamfutar haɗa hoto kuwa duk daga waje ake shigo da su, don haka kuɗin aikin masu ɗaukar bidiyo ya bi Dala ya tashi.

Sai dai yawancin muhawarar da ake yi a gidaje tana tsayawa ne a kan abu biyu, kuɗi da kyawun hoto. Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba sai bayan an watse: a hannun wa bidiyon zai zauna, kuma wa za a iya tuhuma idan ya ɓace, ko ya fita inda ba a so? A kan wannan tambaya ce bambancin ɗan'uwa da ƙwararre ya fi fitowa fili, a al'ada da kuma a doka.

Daga kaset zuwa WhatsApp

Ɗaukar bidiyon biki ya zama ruwan dare a biranen Arewa ne a zamanin kaset, zamanin da kyamarar bidiyo ta haifar da masana'antar fina-finan Hausa, wadda ake lissafa farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A lokacin, mai kyamara ɗaya ne a wurin biki, kowa na ganin sa da wayar fitilarsa tana jan ƙasa. Idan ya gama, kaset ɗaya ko biyu yake kawowa. Amarya ta adana a ɗakinta, ta kunna wa baƙin da ta ga dama. Wanda ke son kwafi sai ya nemi izini, domin kwafar kaset aiki ne mai cin lokaci, kuma hoton na raguwa a kowane kwafi.

Wannan wahalar ita ce katangar da ke kare sirrin gida, ko da ba a lura ba. Faifan CD ya rage tsawonta, wayar salula da ta shigo Najeriya a 2001 ta fara rusa ta. A 2007 wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya bazu a Kano daga hannu zuwa hannu ta Bluetooth. Ba na biki ba ne, amma abin da ya biyo baya, wato dakatar da shirya fina-finai na watanni da sauya shugabancin Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, ya nuna irin nisan da hoton waya ke iya yi tun kafin zuwan WhatsApp da Instagram da TikTok.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana rubutu a kan yadda kyamara ta fito da cikin gidan Bahaushe, wanda al'ada ta keɓe wa mata da muharramai, zuwa idon jama'a. Abin da ya nazarta a fina-finai yanzu yana faruwa a kowane kamu da kowane yinin biki, da bambanci ɗaya: 'yar fim ta san za a kalle ta, gwaggon amarya da ta tashi ta taka rawa a tsakar gida ba ta sani ba.

Abin da ƙwararre ke sayarwa

Manyan wayoyin zamani suna ɗaukar hoto mai kyau da rana, har wanda ba masani ba zai kasa bambance shi da na kyamara. Abin da ake biya wa ƙwararre kuɗi yana wasu wurare huɗu.

Na farko shi ne sauti. Ɗaurin aure, wanda shi ne ginshiƙin bikin gaba ɗaya, 'yan mintuna ne. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, a yi addu'a, a shafa. Ana yin wannan cikin murya ƙasa-ƙasa, a tsakiyar cunkoso, a masallaci ko ƙofar gida. Wayar da ke sahu na biyar ba abin da za ta kama sai hayaniya da ƙarar babura. Mai sana'a yana ajiye ƙaramin makirufo kusa da liman, ko ya jona na'urarsa da lasifikar masallaci. A zauren dina kuma matsalar juyewa take yi: ƙarar kiɗa ta fi ƙarfin makirufon waya, sai sautin ya fashe, kuma sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

Na biyu shi ne haske. Idon kyamarar waya ƙarami ne, hasken da yake tarawa kaɗan ne. Da magariba, ko a ɗakin da ake sa lalle, ko a zauren da aka cika da fitilu masu launi, hoton yakan yi dishi-dishi, fuskoki su dusashe. Kai amarya, wanda galibi da dare ake yi, shi ya fi shan wannan matsala, balle idan aka ɗauke wuta.

Na uku shi ne juriya. Bidiyo na cin wuri fiye da yadda ake zato. A ma'aunin da iPhone ke nunawa, minti ɗaya na hoton 4K mai firam 60 yana cin kusan megabait 400. Awa ɗaya ke nan ta cinye gigabait 24, alhali ma'ajiyar kyauta da Google ke bayarwa gigabait 15 ce, ta Apple kuwa 5. Ga zafin da waya ke ɗauka idan ta daɗe tana aiki, ga caji, ga kiran da zai shigo daidai lokacin da ake shafa fatiha. Ƙwararre yana zuwa da batura da katunan memori na canji, kuma kyamarori da yawa na aiki suna rubuta hoto a kati biyu lokaci guda, domin idan ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira.

Na huɗu shi ne haɗawa. Awa goma na ɗanyen hoto ba bidiyon biki ba ne tukuna. Sai an zauna an zaɓa, an yanke, an jera, an daidaita sauti. Wannan aikin kwanaki ne, kuma a nan ne alkawarin ɗan'uwa ya fi yawan mutuwa. Gutsattsarin bidiyon sukan zauna a wayarsa har wuri ya cika ya goge, ko wayar ta lalace, ko a ƙwace ta. Abin da ya tura ta WhatsApp kuwa manhajar ta riga ta matse shi ta rage ingancinsa, sai fa idan an tura shi a matsayin fayil.

Bayan waɗannan akwai abin da ya fi su duka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka biya ana iya tsare shi da tambaya, a nemi kuɗi ya dawo, a kai shi ƙara. Ƙanen ango da ya manta bai danna maɓallin ɗauka ba, haƙuri kawai za a ba juna.

Abin da ɗan'uwa ya fi shi

Duk da haka, akwai abin da kuɗi ba sa saya. Baƙon mai kyamara bai san fuskoki ba. Zai bi masu ƙyalƙyalin kaya da masu liƙi, ya wuce tsohuwar da ke zaune a gefe a kan tabarma, alhali ita ce kakar da ta raini amarya, kuma mai yiwuwa wannan ne bikin ƙarshe da za ta halarta. Bayan shekara ashirin, minti ɗaya na muryarta ya fi awa ɗaya na rawar abokan ango daraja a wurin iyali. 'Yar gida ta san wannan ba tare da an faɗa mata ba.

Sannan akwai batun shiga. Bikin Hausawa rabe yake. Ɗaurin aure na maza ne a waje. Kamu, sa lalle, wankan amarya, faɗan da iyaye ke yi wa 'yarsu kafin ta fita, buɗar kai, waɗannan na mata ne, kuma mafi yawansu a cikin gida ake yi. Yawancin masu sana'ar ɗaukar bidiyo maza ne. Shigar baƙon namiji da kyamara tsakar gida yana sauya yanayin wurin: wasu su ja mayafi, wasu su shige ɗaki, wasu mazajen ma su hana matansu zuwa. Ƙanwa ko ƙawa da waya a hannu ba ta tayar da wannan ƙura, don haka abin da take kamawa ya fi kusa da gaskiyar abin da ya faru.

Kuɗin da ake cewa an rage kuma akwai wanda ya biya shi ta wata hanya. Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda aka ɗora wa ɗaukar bidiyo ya daina zama ɗan biki, ya koma ma'aikaci: ba zai ci abinci a kan lokaci ba, ba zai gaisa da dangi ba, kuma shi kaɗai ne ba zai fito a bidiyon ba. Idan aikin ya ɓaci, abin da aka yi asara ya wuce hoto, domin ƙorafin da ba a iya furtawa yakan daɗe yana cin zumunci.

Tsakanin waɗannan biyu, wani rukuni ya ɓullo a 'yan shekarun nan: matasa, cikinsu har da mata da dama, da ake biya su ɗauki gajerun bidiyo da waya, su haɗa, su miƙa kafin gari ya waye domin a ɗora a shafuka. Kuɗinsu bai kai na mai kyamara ba, kuma mace a cikinsu na iya shiga inda namiji ba zai shiga ba. Amma sana'arsu a kan yaɗawa aka gina ta, don haka su ne suka fi buƙatar a yi musu iyaka tun farko.

Bidiyon na wane ne?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa wanda ya biya shi ke da bidiyo. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ba haka ta ce kai-tsaye ba. Ƙa'idarta ita ce haƙƙin mallaka na fara zama ne a hannun wanda ya samar da aikin, sai idan an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. A hoto, wanda ya ɗauka ne. A bidiyo, wanda ya tsara yadda za a samar da shi ne, kuma wannan jimla ce da iyali da kamfanin ɗaukar hoto kowa zai iya ja wa kansa idan babu rubutu.

Amma sashe na 28 na dokar ya yi wa masu biki tanadi mai muhimmanci. Wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo domin amfanin kansa da iyalinsa yana da izinin amfani da shi ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi, ko a nuna shi, ko a rarraba shi ga jama'a, matuƙar bai amince da akasin haka a yarjejeniya ba. Ma'ana, mai ɗaukar bidiyon da ya yanko rawar amarya ya ɗora a Instagram domin tallar sana'arsa ba tare da izini ba, ana iya tilasta masa ya sauke. Ma'ana kuma, layi ɗaya a ƙasan rasit da ke cewa kamfani na da damar amfani da hotuna domin talla ya isa ya zubar da wannan haƙƙi, idan aka sa hannu ba a karanta ba.

Wannan kariya ta shafi aikin da aka sa wani ya yi ne. Baƙon da ya ɗaga wayarsa don raɗin kansa ba ya cikinta.

Doka ta biyu ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta kuma kafa hukumar NDPC. Fuskar mutum da muryarsa a bidiyo bayanai ne da ake gane shi da su. Mai sana'ar da ke tara su yana adanawa yana ƙarƙashin dokar: sai da hujjar da doka ta yarda da ita zai yi amfani da su, wanda ya ba da izini yana iya janyewa, ana iya neman ya goge, kuma idan yara ne sai da yardar iyaye. Tarar da dokar ta tanadar wa ƙananan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Ɗan'uwa fa? Dokar ta cire wanda ke amfani da bayanai domin harkar kansa ko ta gida kawai, da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirri da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar. A rubuce, sharaɗin ya bar ƙofar ƙara a buɗe. A aikace, da wuya a samu amaryar da za ta maka 'yar ƙanwar mahaifiyarta a kotu a kan sitatus. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ma ba ta cika wannan giɓi ba, domin gyaran da aka yi wa sashe na 24 a 2024 ya taƙaita shi ga hotunan batsa da saƙonnin ƙarya masu barazana ga rai ko zaman lafiya. Bidiyon gaskiya da aka yaɗa domin a yi wa wata dariya bai faɗa ciki ba.

Taƙaitaccen bayani shi ne, ƙwararre doka ke ɗaure shi, ɗan'uwa kunya ke ɗaure shi. Kowane gida ya san wacce ta fi ƙarfi a cikin danginsa.

Ranar da bidiyo ya zama shaida

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da aka samo daga na'ura, ciki har da bidiyo, idan an cika sharuɗɗa. Wannan na iya amfanar iyali. Ingancin aure a kan waliyyi da sadaki da shaidu yake, ba a kan kyamara ba, amma idan shekaru suka ja aka yi jayayya a kan adadin sadakin da aka ambata, kamar yadda ake yi a shari'ar khul'i, sautin ɗaurin aure da ya fita tangaram zai taimaka.

Yana kuma iya zama akasin haka. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙi da Naira da taka ta a wurin rawa, ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru dokar ta yi tana kwance. A farkon 2023, ana tsakiyar ƙarancin sababbin takardun kuɗi, aka kama wata 'yar fim a Legas bayan bidiyonta tana liƙi a wurin wani biki ya bazu, daga baya kotu ta same ta da laifi. A 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke wa wani mai sana'ar kwalliya ɗaurin wata shida saboda liƙin da ya yi a bikin aurensa. Jami'an EFCC ba sa buƙatar katin gayyata, shafukan sada zumunta sun ishe su.

A Kano akwai ƙarin ido. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta haramta shagalin da ake kira Ƙauyawa Day, tana mai cewa ya saɓa wa tarbiyya. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko ya ɗauke shi a matsayin shiga sharo ba shanu, darasin ɗaya ne: abin da aka ɗauka a zauren biki yana iya zama hujjar hukuma.

Masu mulki ma ba su tsira ba. Bikin Yusuf Buhari da Zahra Nasir Bayero a Bichi, a Agustan 2021, ya nuna haka. Hotuna da bidiyon da suka fita daga shagulgulan, da na jiragen da suka cika filin jirgin Kano, sun zama abin muhawara na kwanaki a kan rayuwar manya da halin talakawa. A nan wayar baƙo ta yi aikin da ya amfani jama'a, domin yadda masu riƙe da amana ke kashe kuɗi abu ne da ya shafi kowa. Amma 'yar talakan da aka yanko kukanta ko rawarta aka mayar abin barkwanci ba ta riƙe amanar kowa ba, kuma ba ta da kakakin da zai fitar mata da sanarwa. Ga shi yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun sauƙaƙa ɗaukar fuskar mutum daga hoton biki a ɗora ta a inda bai taɓa zuwa ba.

Ko ɗaukar hoto daga sama, wanda ya zama ado a manyan bukukuwa, yana da ƙa'ida. Tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta NCAA ta hana tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa ba. Duk wanda ya saka wannan a cikin farashinsa, ya dace a tambaye shi takardarsa.

Kyamarar da ba a gayyata ba

Ko an ɗauki ƙwararre ko an zaɓi ɗan'uwa, akwai wayoyi ɗari a zauren da babu wanda ya ba su aiki. Bikin farar kaza ne, balbela ba ta jiran gayya. Mafi yawan bidiyon biki da ke yawo daga irin waɗannan wayoyi suke fita, kuma magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta.

A nan naɗa mutum ɗaya a hukumance, ko wane ne shi, yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Yana ba masu biki bakin magana. Mai gabatarwa na iya sanarwa tun farko cewa akwai wanda aka ɗora wa ɗauka, kowa zai samu, a ajiye waya a lokacin kamu ko lokacin fitar amarya. Wasu iyalai suna rubuta wannan roƙo a jikin katin gayyata. Ba kowa zai bi ba, amma wanda ya saɓa ya san ya saɓa, kuma uwar biki ta samu hujjar yi masa magana.

Yadda za a raba aikin

Idan aka auna duk waɗannan, zaɓin bai zama dole ya kasance ɗaya tal ba. Bikin Hausawa kwanaki ne, kuma kowane zama da irin buƙatarsa. Inda sauti da haske ke da wuya kuma ba a maimaitawa, wato ɗaurin aure da taron dare, nan kuɗin ƙwararre ya fi amfani, kuma ɗaukar sa na awa uku ya fi sauƙi a kan ɗaukar sa na kwana uku. Inda sirri da sanin fuska suka fi muhimmanci, wato shagulgulan cikin gida, mace 'yar gida ko mace mai sana'a ta fi dacewa.

Idan ƙwararre aka zaɓa, a nemi ganin cikakken bidiyon wani biki da ya yi, domin gajeren tallar minti ɗaya ba ya nuna yadda sautinsa yake. Kafin a ba da kafin alƙalami, a rubuta waɗannan, ko da a saƙon WhatsApp ne da kowa ya amsa: wuraren da zai ɗauka da awannin da zai yi, wanda zai zo da kansa, domin wasu kan karɓi aiki biyu a rana ɗaya su tura yaro, ranar da zai miƙa aiki, ko zai ba da ɗanyen hoton gaba ɗaya, tsawon lokacin da zai ajiye kwafi kafin ya goge, da kuma cewa ba zai ɗora komai a shafinsa ba sai da izini a rubuce. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai aiki ya zo hannu. Idan ya saɓa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi da Kano ta buɗe tun 2019, inda mutum ke iya shigar da ƙara ba tare da lauya ba. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta maye gurbin rubutu.

Idan ɗan'uwa aka zaɓa, a zaɓi wanda ba shi da wani aiki a bikin, a tambaye shi maimakon a umarce shi, a kuma yi masa ihsani. A ba shi sunayen mutanen da ba a so a rasa. A share wa wayar wuri, a tanadi abin caji na hannu, a rufe layin kira lokacin ɗauka, a riƙe ta a kwance idan ana son kallo a talabijin, a samo mata maɗori mai ƙafa uku. Waya ta biyu da aka ajiye kusa da liman tana naɗar murya kaɗai za ta magance rabin matsalar sauti. Mafi kyau ma a yi ɗaukar da wayar amarya ko ta ango, domin hoton ya kwana a hannun masu shi. A daren ranar a kwafe komai zuwa wuri biyu daban, kafin gajiyar biki ta sa a manta.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya kamata ya zo farko. A yawancin gidaje, ango da abokansa ko iyaye ne ke yanke shawarar wanda zai ɗauki bidiyo, alhali fuskar da ta fi fitowa a ciki, kuma wadda za ta fi shan magana idan ya fita, ta amarya ce da ƙawayenta da iyayenta mata. Kafin a tambayi mai kyamara nawa zai karɓa, ya kamata a tambayi amarya abin da ta yarda a ɗauka, da wanda ta yarda ya gani.